DARASI NA 14: WASANNIN ZAUNE NA DA

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana yadda ake yin dara da ludo da Whot;
2. faɗin abin da kowane ɗaya daga cikinsu yake koya wa mai yin sa;
3. bambance wasa da caca;
4. ba da umarni da yin hani cikin Hausa mai kyau.

A. KARATU

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a shekarar 2001. Kafin wannan lokaci, musamman a shekarun 1980 da 1990, yara da matasa ba su da wayar da za su duƙufa a kanta. Tashoshin talabijin da yawa ba sa fara shirye-shirye sai da yamma. Idan kuma aka ɗauke wuta, sai a kunna fitila, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida ko a zaure, a ɗauko abin wasa.

Irin waɗannan wasanni su ne muke kira wasannin zaune, domin ba a gudu ko tsalle a cikinsu kamar yadda ake yi a langa ko ƙwallon ƙafa. A zaune ake yin su, mutum yana fuskantar mutum. A wannan darasi za mu duba guda uku: dara, wadda Hausawa suka gada daga kakanninsu; ludo, wanda asalinsa daga Indiya ne; da Whot, wanda ya zo daga Ingila. Kowannensu yana horar da mutum a kan wani hali na daban, shi ya sa har yau ya kamata a riƙa yin su.

Dara

Dara tsohon wasa ne a ƙasar Hausa. Ana yin ta kuma a tsakanin Dakarkari na ƙasar Zuru a Jihar Kebbi, da Zabarmawan Jamhuriyar Nijar. Ba ta bukatar ko sisin kwabo. Ƙasa ce allonta, tsakuwa da tsinkaye kuma su ne 'ya'yanta. Galibi maza manya ne suke yin ta a gindin bishiya da rani, bayan an gama aikin gona.

Mutum biyu ne suke yin dara. Da farko sukan tona ƙananan ramuka a ƙasa, layi 5, kowane layi da rami 6. Ramukan sun zama 30 ke nan. Kowane rami ana kiransa gida. Ɗan wasa ɗaya yakan riƙe tsakuwa 12, ɗayan kuma tsinke 12, don kada 'ya'yansu su cakuɗe.

Wasan yana da mataki biyu. A mataki na farko, kowa yana ajiye ɗansa ɗaya a gidan da ya ga dama, sannan abokin wasansa ya ajiye nasa. Haka za su yi ta yi har 'ya'ya 24 su ƙare, gidaje 6 su rage babu kome a ciki. A wannan mataki ba a yarda mutum ya jera 'ya'yansa uku a layi ɗaya ba.

A mataki na biyu ne ake fara tafiya. Kowa yana matsar da ɗansa ɗaya zuwa gidan da yake kusa, idan babu kome a cikinsa. Ana iya matsawa gaba ko baya, dama ko hagu, amma ba a tafiya a karkace, kuma ba a tsallake wani ɗa. Duk wanda ya jera 'ya'yansa uku a layi ɗaya, a tsaye ko a kwance, ya ci. Sai ya ɗauke ɗa ɗaya daga cikin 'ya'yan abokin wasansa. Uku ake so daidai. Jera huɗu ba ci ba ne. Wasa yana ƙarewa idan 'ya'yan mutum suka ragu har ya zamana ba zai iya jera uku ba.

Dokokin suna da sauƙi, amma ƙwarewa tana da wuya. Gwanayen dara sun san cewa tun a mataki na farko ake gina nasara. Ga misali. A ce ɗan wasa yana da 'ya'ya biyu a jere a wani layi, yana kuma da wasu biyu daidai a ƙarƙashinsu a layi na gaba. Idan ya sami ɗa na biyar ya ajiye a gefensu, to ya haƙa wa abokin wasansa rami. In ya matsar da wannan ɗa sama, ya cika uku a layin sama. In ya dawo da shi ƙasa, ya cika uku a layin ƙasa. Kowane motsi ci ne. Wanda bai hango wannan tarko ya toshe shi tun da wuri ba, yana ji yana gani za a kwashe masa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya.

Babu sa'a a cikin dara. Ba a jefa kome, ba a ɓoye kome. Duk abin da yake gaban wannan yana gaban wancan. Wanda aka cinye ba shi da wanda zai ɗora wa laifi sai kansa. Saboda haka dara tana koya wa mutum hangen nesa da yin tunani kafin ya miƙa hannu.

Akwai wani tsohon wasan ramuka da ɗalibai da yawa suka sani a gida. Yarbawa suna kiransa ayo, Ibo suna kiransa ncho, mutanen Ghana kuma suna ce masa oware. Allonsa yana da rami 12, ana zuba ƙwaya 4 a kowane rami, jimla 48. Dokokinsa sun bambanta da na darar da muka bayyana, amma shi ma lissafi yake bukata, ba sa'a ba.

Ludo

Ludo ya samo asali ne daga wani tsohon wasan Indiya mai suna pachisi, wanda ake yi da wuri, irin wurin da Hausawa suka yi ciniki da shi a zamanin da. Turawan Ingila sun sauƙaƙa dokokinsa, suka yi masa rajista da sunan Ludo a shekarar 1896. Kalmar ta Latin ce, ma'anarta “ina wasa”. A Nijeriya an saba ganin allonsa a cikin firam na katako, an rufe shi da gilashi.

Mutum biyu zuwa huɗu ne suke yin ludo. Allon yana da gida huɗu masu launi daban-daban: ja, kore, rawaya da shuɗi. Kowane gida yana da 'ya'ya 4. Akwai kuma wata 'yar ƙwaya mai fuska shida, kowace fuska da ɗigo, daga 1 zuwa 6. Ana sa ta a ɗan ƙaramin kofi, a girgiza, a kife a kan allo. Yawan ɗigon da ya fito sama shi ne yawan takun da ɗa zai yi. A Nijeriya mutane da yawa suna jefa ƙwaya biyu a lokaci guda.

Ɗa ba ya fita daga gida sai mai shi ya jefa 6. Da ƙwaya ɗaya, damar samun 6 ɗaya ce cikin shida, don haka mutum yana iya daɗewa yana jira, abokansa kuwa sun yi nisa. Bayan ya fita, zai zagaya allon gaba ɗaya kafin ya shiga hanyar launinsa. Idan ɗan wani ya sauka a kan ɗanka, an cinye ka ke nan: ɗanka zai koma gida, ka sake jiran 6. Wanda ya fara kai dukkan 'ya'yansa ƙarshen tafiya shi ne ya yi nasara.

Wasu suna cewa ludo sa'a ce kawai. Gaskiya ne ba wanda yake da iko a kan abin da ƙwaya za ta nuna. Amma mai wasa ne yake zaɓar ɗan da zai motsa. Zai fito da sabon ɗa, ko zai gudu da wanda ake bi a baya? Zai tsaya a gaban abokin hamayya, ko zai laɓe a bayansa? Sa'a tana ba da lamba, hankali kuwa shi ne yake sarrafa ta. Babban darasin ludo shi ne haƙuri. Ɗan da ya kusa shiga gida ana iya mayar da shi farko. Yaron da ya iya yin dariya a wannan hali, ya sake ɗaukar kofi ba tare da ya kifar da allo ba, ya koyi abin da zai amfane shi idan ya faɗi jarrabawa ko ya yi asara a kasuwa.

Whot

Whot wasan kati ne. Wani Baturen Ingila mai suna William Henry Storey ne ya ƙirƙiro shi, aka yi masa rajista a shekarar 1935. Daga baya kamfanin Waddingtons ya ci gaba da buga shi. A Ingila yayinsa ya wuce, amma a Nijeriya ya zama ɗan gida, har mutane da yawa suna zaton a nan aka ƙirƙiro shi.

Katunan Whot guda 54 ne. Suna da siffa biyar: da'ira, alwatika, gicciye, murabba'i da tauraro. Da'ira da alwatika kowannensu yana da kati 12, gicciye da murabba'i kowannensu 9, tauraro kuma 7. Sauran 5 su ne katunan Whot, masu lamba 20. Lambobin sauran katunan suna tsakanin 1 da 14, amma babu 6, babu 9.

Ana raba wa kowa 'yan katuna, a buɗe ɗaya a tsakiya, a kife sauran a gefe. Waɗannan da aka kife su ake kira kasuwa. Idan layi ya zo kanka, sai ka ajiye katin da ya dace da na tsakiya, ko a siffa ko a lamba. In ba ka da shi, sai ka je kasuwa, wato ka ɗauki kati ɗaya. Wanda ya fara ƙarar da katunansa shi ne ya ci.

'Yan Nijeriya sun ba wasu lambobi aiki na musamman. Dokokin sukan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, amma ga waɗanda aka fi sani:

- 1: kowa ya dakata, wanda ya ajiye ya sake wasa.
- 2: na gaba ya ɗauki kati biyu.
- 5: na gaba ya ɗauki kati uku.
- 8: a tsallake na gaba.
- 14: kowa ya je kasuwa, ban da wanda ya ajiye.
- 20: wanda ya ajiye ya nemi siffar da yake so.

Idan kasuwa ta ƙare ba wanda ya gama, sai kowa ya haɗa lambobin da suka rage a hannunsa. Lambar tauraro ana ninka ta sau biyu. Mai ƙaramar jimla shi ne ya yi nasara. Whot yana horar da mutum a kan lura da riƙe abu a ka. Gwani yana tuna siffar da ta kai abokinsa kasuwa ɗazu, sai ya nemi ita idan ya ajiye 20. Ya kuma san cewa kati mai ƙarfi ba a saurin fito da shi. Ana adana shi sai an shiga matsi.

Wasa da caca

A ƙasar Hausa iyaye da yawa ba sa son ganin kati a hannun 'ya'yansu. Suna da dalili. Sun ga yadda karta ta raba mutane da kuɗinsu da mutuncinsu. Addinin Musulunci ya haramta caca, malaman addinin Kirista ma suna gargaɗi a kanta. Da zarar an ajiye kuɗi ko wani abu, aka ce wanda ya ci shi zai kwashe, to wasa ya tashi daga wasa ya zama caca, ko da naira goma ce. A wasa, wanda aka cinye yakan tashi yana dariya. A caca kuwa yakan tashi da baƙin ciki, gobe ya dawo da niyyar ramawa, ya ƙara asara. Haka kuma wasan da ya hana ɗalibi karatu ko ibada ko aiken iyaye ya wuce iyakarsa.

Don me za mu koma gare su?

Ludo da Whot sun shiga wayar salula, don haka ba za su ɓace da wuri ba. Amma wasa a waya daban, wasa a kan tabarma daban. A tabarma ne ƙane yake koyon jiran layinsa, wa kuma yake koyon karɓar kaye a hannun ƙanensa. Ita dara halinta ya fi ban tsoro. Ba a sayar da ita a kanti cikin kwali tare da takardar dokoki. A wurin manya ake koyon ta, da ido da hannu. Idan tsara guda ta wuce ba ta koya ba, za a wayi gari sunan dara yana cikin karin magana, amma babu mai iya tona gidajenta.

Ga mai koyon Hausa kuma akwai wata riba. Ba a yin waɗannan wasanni da baki a rufe. Dole a ƙirga, a ambaci launi, a ba da umarni, a yi gardama, a yi barkwanci. Wanda ya yi awa ɗaya yana ludo da Hausa zalla zai faɗi lambobi sau da yawa ba tare da ya ji ya gaji ba.

B. MA'ANAR KALMOMI

- gada: samun abu daga iyaye ko kakanni
- duƙufa: mayar da hankali gaba ɗaya a kan abu
- tsakuwa: ƙananan duwatsu
- tsinke: ɗan siririn kara ko itace
- cakuɗe: haɗuwa ta yadda ba a iya bambancewa
- a karkace: ba a miƙe ba
- hangen nesa: tunanin abin da zai faru nan gaba
- wuri: ƙaramin ƙwanson dabbar teku da aka yi amfani da shi a matsayin kuɗi
- kife: juya fuskar abu ƙasa
- kaye: rashin nasara
- tsara: mutanen da shekarunsu suka zo ɗaya

C. TATTAUNAWA

Ku karanta wannan hira tsakanin kaka da jikansa, biyu-biyu.

Jika: Sannu da hutawa, Kaka.

Kaka: Yauwa, abokina. Yau kuma ina wayar taka?

Jika: Ba caji. Kaka, don Allah ku koya mini dara.

Kaka: Ashe sai wuta ta yi maka rowa kake tunawa da ni! To, zauna. Tona gidaje talatin.

Jika: Na tona. Ga tsakuwa goma sha biyu.

Kaka: Madalla. Ni zan riƙe tsinke. Fara ajiyewa.

Jika: Na ajiye ɗaya a nan, ɗaya a nan. Bari in sa na uku a gefensu.

Kaka: A'a, kada ka jera uku yanzu. Sai mun gama ajiyewa.

Jika: To, na gane. Amma me ya sa kuke tara naku wuri ɗaya?

Kaka: Za ka gani. Matsa naka.

Jika: Na matsa. Kai! Kun jera uku!

Kaka: Na ci ɗaya. Dubi kuma, na dawo da shi ƙasa, na sake ci.

Jika: Wayyo! Kaka, ku yi mini rangwame.

Kaka: Babu rangwame a dara, abokina. Kana kallon 'ya'yanka, ba ka kallon nawa. Share mu sake.

D. NAHAWU: UMARNI DA HANI

Idan ana ba mutum ɗaya umarni, ana iya faɗin aikatau kai tsaye: Zauna! Matsa! Jefa!

Ana kuma iya sa wakilin suna a gaban aikatau:

- Namiji: Ka zauna.
- Mace: Ki zauna.
- Jam'i: Ku zauna.

Lura da cewa a tattaunawar da ke sama jika yana ce wa kakansa “ku”, ko da yake mutum ɗaya ne. Wannan girmamawa ce.

Idan za a yi hani, sai a fara da “kada” ko “kar”: Kada ka jera uku. Kada ki leƙa katina. Kar ku yi caca.

Wasu aikatau suna canza wasalin ƙarshe bisa ga abin da ya biyo bayansu. Dubi “ɗauka”:

- Kafin suna: Na ɗauki kati.
- Kafin wakilin suna: Na ɗauke shi.
- Idan babu abin da ya biyo baya: Na ɗauka.

Haka “zaɓa” da “nema” da “tambaya” suke yi: Ya nemi tauraro. Ya neme shi. Ya nema.

E. KARIN MAGANA

1. Dara ta ci gida. Ana faɗin haka idan sharrin da mutum ya shirya wa wasu ya faɗa a kansa ko a kan nasa.
2. Hankali ke gani, ido gululu ne. Kallo kawai bai isa ba sai an haɗa da tunani.
3. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Mai haƙuri yana kai wa ga abin da yake nema.

F. TAMBAYOYI

1. Gida nawa ne a filin dara, kuma nawa ne suke ragewa bayan an gama ajiye 'ya'ya?
2. Me aka hana yi a matakin farko na dara?
3. Daga wane wasa ludo ya samo asali, kuma a wace ƙasa?
4. Wace lamba ce take fitar da ɗa daga gida a ludo?
5. Kawo siffofi biyar na katunan Whot.
6. Mene ne “zuwa kasuwa” a wasan Whot?
7. Yaushe ne wasa yake zama caca?
8. Don me aka ce dara ta fi ludo da Whot fuskantar haɗarin ɓacewa?

Cike gurbi da ɗauka, ɗauki ko ɗauke:

1. Ki ______ kati biyu.
2. Ga tsakuwarka, ka ______ ta.
3. Wane kati ka ______?

Mayar da waɗannan jimloli zuwa hani:

1. Ka buɗe katinka.
2. Ki matsar da wannan ɗa.
3. Ku kifar da allo.

G. AIKI

1. A aji: ku rabu biyu-biyu, ku zana gidajen dara 30 a kan kwali ko a ƙasa. Ɗaya ya yi amfani da tsakuwa, ɗayan da marfin kwalba. Duk maganar da za ku yi ta kasance da Hausa.
2. A gida: tambayi wani babba wasan zaunen da ya fi so a lokacin ƙuruciyarsa. Rubuta sunan wasan da kayan da ake bukata da dokokinsa cikin jimla 10, ka karanta wa 'yan ajinku a darasi na gaba.